Lamba Talatin da Tara

Jakina ya mutu ran wata Laraba
a hanyar Badagishiri, da buhun albasa shida a baya.
Na tsaya kansa kamar mai jiran bayani.
Ƙudaje suka riga kowa yi mini ta'aziyya.

Sunana Arzika. Kada ku yi dariya,
Tawa duka ta riga ku.

Wata bakwai ni ne jakin,
ƙirjina ya san nauyin amalanke.
Cima tana auna gero da marfin kwano,
tana kallon bango don kada mu haɗa ido.

Sai ga Nomau, magana na ƙuna a bakinsa:
wata ƙungiya ta sauka bayan mairi
da babur mai ƙafa uku, mai akwati a baya,
guda arba'in, kyauta.
Na ce, Nomau, a Adar ko ruwan sama
sai wuya ya gaji da kallon gabas.

Kyautar ta ce, kawo hoto huɗu.
Ta ce, kawo takardar haihuwa.
Ni da aka haifa shekarar da fara ta cinye gona,
wa ya sami sukunin rubutawa?
Shaidu biyu, hatimi, jaka uku.
Akuyar Cima ta tafi kasuwar Lahadi
ba ta dawo ba.

Wata yarinya mai tabarau ta zo da littafi,
ta ƙirga yara, ta ƙirga tabarmi, ta leƙa rumbu.
"Sau nawa kuke ci a rana?"
Talaucin da na daɗe ina sa wa babbar riga
ranar na tuɓe shi a tsakar gida.
Na ce sau ɗaya.
Cima ta shige ɗaki, ta saki labule.

Kwana sittin shiru.
Sannan aka manna sunaye a bango.
Baraka ta hau wuyana tana bi da yatsa,
karatun lakwal ya biya kuɗin allinsa:
"Baba, ga ka! Talatin da tara."
Na ce duba Nomau.
Ta hau, ta sauka, ta sake hawa.
Nomau ya ce rana ta yi zafi, bari ya je gida.

Ranar bayarwa an kafa rumfa, an yi jawabi biyar.
Mai hoto ya ce in yi murmushi.
Na yi. Ya ce in ƙara.
Ya ce in ɗaga makulli sama, in dubi allon ƙungiya.
Ban taɓa sanin godiya tana da maimai ba.

Shuɗi ne, ledarsa ma ba a ɓare ba,
yana ƙamshin abin da ba a taɓa bin sa bashi ba.
Amma man da ke cikinsa cikin cokali ne.
A Bilbis ya yi tari biyu, ya yi shiru.
Aljihuna dala goma.
Na sauka na sa ƙirji,
sabon jaki, tsohon jaki na tura shi,
yara na bi suna tafi.

A bakin kwana wani yana zaune kan dutse
da kwalba ɗaya mai ruwan zuma.
Bai ce barka ba. Ya buɗe tanki,
ya zuba a hankali, ko ɗigo bai faɗi ba.
Ban tambaye shi abin da ya sayar ba,
na dai ga babu rediyo a kafaɗarsa.

Takarda ta ce ba a sayarwa, ba a ba da haya.
Na sa Baraka ta karanta sau biyu.
Ba ta ce komai a kan dare ba.

Yanzu ni da asuba, albasa da buhun gawayi,
shi daga la'asar har tasha ta watse.
Makulli yana kwana a ƙarƙashin turmi.
Cima ta fara taya wata 'yar akuya,
baƙa, mai farin kunne ɗaya.
Mai ita ya ce albarka.
Ta ce za ta dawo Lahadi.